Juye a Ƙofar Gida

Shekara goma sha ɗaya ina hawa kanta,
ban taɓa ganin cikinta ba sai yau.
Asabar ce, hantsi bai dubi ludayi ba tukuna,
na shimfiɗa kwalin firji a inuwar darbejiya,
nan Sabuwar Unguwa, bakin lungunmu,
na ɗaga ta da jak, na tokare da bulo biyu,
don jak ba ɗan goyo ba ne.

Mannir na Ƙofar Ƙaura ke yi mata juye,
sai kuɗin hannunsa ya fara tsere da kuɗin mai.
Na ce, "Mannir, wannan karon bar ni da ita."
Ya yi dariya har da bugun cinya,
ya ara mini sifana mai lamba sha tara,
ya ce, "Malam, alli daban, noti daban."

Na bar inji ya ɗumama kamar ruwan wankan jariri,
na kashe, na kutsa da ƙeya a ƙasa.
Zinatu ta tsuguna tana haska mini da waya.
Ashe haka ƙarƙashin abin da ke ɗauke da kai yake:
tsatsa, busasshen taɓo,
leda ta naɗe a jikin ƙarfe,
da wata waya da wani ya ɗaure, bai taɓa gaya mini ba.

Noti ya ƙi.
Na lallashe shi, na yi masa tsaki,
na ja bisimilla na danna da ƙarfin kafaɗa,
sai ya saki gaba ɗaya,
ya suɓuce, tsulum, cikin roba.
Mai ya biyo hannuna da ɗuminsa,
ya wuce gwiwa, ya gaisa da hammata.
Zinatu ta yi dariya har hasken ya koma sama.

Na kwanta ina kallon sa yana zuba,
baƙi wuluk, siriri kamar igiyar guga.
Ga hanyar Jibiya a ciki,
ga ramukan Mashi, ga zafin Dutsin-ma,
ga daren da na ɗauki Inna zuwa asibiti
ina taka totur ina karanta abin da na haddace,
ga safiyar da muka dawo ba tare da ita ba.
Duk ya shanye, bai ce uffan ba.
Sai da ya koma ɗigo, ɗigo,
sannan na tuna ban karya ba.

Na cusa hannu a roba na lalubo noti,
na goge shi da tsohuwar singileti,
na mayar, na ɗaure, ban matse har ya yi kuka ba.
Sabuwar filta na shafa wa bakinta mai da yatsa,
na murɗa da hannu kawai, yadda aka ce.
Na yanke kan gorar ruwa ya zama mazurari,
sabon mai ya gangara kamar zuma farar saƙa.
Na zaro geji, na goge, na tsoma, na zaro:
yana tsakanin layi biyu, bai yi rowa ba, bai yi ɓarna ba.

Baba Ɗayyabu ya leƙo da gwangwani,
wai a sam masa tsohon, gara ta dame shi a ƙyaure.
Na tsiyaya masa Jibiya da Mashi,
ya tafi zai shafe su a katako.

Da la'asar Mannir ya tsaya da mashin,
ya durƙusa, ya leƙa ƙasa yana neman ɗigo.
Ya daɗe.
Ya miƙe, ya karɓi sifanarsa, ya ce, "Ya iyali?"

Ran Litinin na ɗauki alli zan rubuta kwanan wata,
sai ga shatin yatsana, baƙi, a jikinsa.
Omo ya yi iya yinsa, toka ma ta gwada,
amma ƙarƙashin farce ya riƙe nasa.
Wani yaro a layin gaba ya ce, "Malam, hannunka."
Na ce, "Na gani. Buɗe shafi na arba'in."