Miyar Albasa a Njamena

Buhu arba'in na ɗoro daga Meskin,
na tsallake gadar Ngeli da hantsi,
kafin la'asar na sayar a Dembe,
na ɗaure kuɗina a lalita.
Na ce yau kam ba tsire, ba salanga,
akwai bashin da harshena ke bi na
shekara talatin ban biya ba.

Baba Njidda kuku ne a Garwa,
gidan Bafaranshe mai awon auduga.
Bai taɓa kawo mana ko ragowa ba,
labari kawai yake tahowa da shi a aljihu:
wai akwai wata miya ta Faransa,
a sa burodi a kanta, a rufe da cuku,
a tura murhu har ta yi ɓawo.
In yana faɗa sai ya lumshe ido,
mu kuma mu haɗiye yawu a duhu.

Na tare ɗan acaɓa, sunansa Barka.
Na ce, kai ni inda Nasara ke cin abinci.
Ya kai ni Mursal, kiɗa kamar zai tsaga kunne,
kaza ce kawai da dankali.
Ya kai ni wani bene mai gilashi,
mai gadi ya dubi silifas ɗina
ya ce an cika, alhali kujeru na hamma.
Barka ya ce, Alhaji, mai ya kusa ƙarewa.
Matambayi ba ya ɓata, in ji mutane,
amma aljihunsa na ramewa.

Wata mai sayar da karkanji ce ta nuna mana
lungu a Sabangali, ƙofa shuɗiya,
tebur shida a ƙarƙashin darbejiya,
Shari na wucewa ta bayan katanga.

Aka miƙo takarda, na juya ta sau biyu.
Faransancina na kasuwa ne,
ya san nawa ne, bai san mene ne ba.
Yaron ya nuna layi na fari: dodon koɗi da tafarnuwa.
Na ce a kai kasuwa.
Na biyu wani cuku ne mai tsanwa a jiki,
warinsa ya gaida daddawa, ta amsa.
Wuƙa biyu, cokali uku,
kamar za a yi wa tasa tiyata.

Sai na kwatanta da hannu yadda Baba ke yi:
kwano, burodi, murfi, wuta.
Yaron ya yi dariya ya shige ciki.
Madam Nelum ta leƙo da ludayi,
ta ce, ba giya a tawa, kada ka damu,
romon ƙashin saniya ne tun asuba.

Ta iso tana tafasa a kasko.
Na yi bisimilla, na fasa ɓawon,
cukun ya biyo cokali kamar zare,
na rasa inda zan yanke shi.
Na kai baki.

Albasa ce.
Albasa, jama'a!
Ja, mai zaƙi, irin ta bakin rafinmu,
wadda nake ban ruwa tun ina yaro,
wadda warinta bai bar rigata ba.
An dai yi mata haƙuri a kan wuta
har ta manta da yajinta.
Na tambaya daga ina take saye,
ta ce Dembe, wajen mutanen Marwa.

Jaka shida kwano ɗaya.
Na lissafa kwano nawa ke cikin buhu,
lissafin ya sa ni tari.
Na biya, har na ƙara wa yaron.

Baba, ashe abin da ka yi ta yabo
yana bayan ɗakinmu a shanye.
Ban sani ba ko daɗin ne ka tuna
ko kuwa tsayuwa a bakin murhu
kana kallon abin da ba a ce ka ɗanɗana ba.

Barka na waje yana danna ham.
Na sa an zuba masa a roba.
Ya kurɓa, ya ɓata fuska,
ya ce, Alhaji, ba barkono?