Taswira Huɗu a Teburin Etelka

A Subotica rana ba ta daɗewa a watan Janairu.
Dusar ƙanƙara ta toshe bakin layi,
ni da kwamfuta a teburin girki,
kakata Etelka tana feren dankali a gefe.

Na buɗe wasan farko, zamanin takobi da sulke.
A nan daula gida ce mai yawan ɗakuna:
ƙanin sarki ya ɗiga guba a kofi,
magaji ya faɗo daga doki, ƙasa ta tsage uku.
Shekara ɗari biyu na yi ina kiwon zuri'a guda,
wani jika wawa ya ɓarar da ita kafin shayi ya huce.
Ta ce, "Ai dangin kakanka ke nan.
Haka suka yi da gonar inabi."

Na biyu na albarushi ne da jiragen ruwa.
Ba fuskar kowa a ciki, sai launi na cin launi
kamar mai a kan takarda.
Kanumfari da masoro suna tafe ta teku,
ni kuwa ina lissafin riba.
Ta leƙo sau ɗaya, ta koma kan wuƙarta.

Na uku ya shiga ranta.
Layin dogo, hayaƙin masaƙa, kuɗin kwal,
leburori sun ajiye aiki don burodi ya yi tsada.
"Wanda ya ƙera wannan," in ji ta,
"ya taɓa tsayawa a layin gari."

Na huɗu shi na fi so, ba zan ɓoye ba.
Shekara goma kacal, amma kowace awa a ƙirge take.
Ka ja kibiya, tankoki su bi ta,
ka zagaye runduna kamar an ɗaure bakin buhu.

Wuƙa ta yi shiru.
"Matso da shi. Ina layinmu?"
Na matso har taswira ta ƙi ƙara matsowa.
Ba layi, ba coci, ba rijiyar makwabta,
sai ɗan fili ruwan ƙasa da bayani a kai:
shimfiɗaɗɗe, mai sauƙin ratsawa.

"Wannan lambar ta gefe fa?"
Na ce asara ce, Kaka:
dubu goma sha biyu da ɗari huɗu da bakwai.
Ta goge hannu a zanen gaba.
"Cikin bakwai ɗin nan akwai Deže, babana.
Takalminsa na dama ya fi na hagu girma."

Tukunya ta fara tafasa.

"Ana iya tsayar da shi?"
Na danna, duniya ta tsaya cak,
jirage a rataye a sama kamar wanki.
Ta daɗe tana kallo.
"Mu ba a ba mu wannan maɓallin ba.
Mayar da ni na burodin, Boriša,
ka nuna mini inda ake rage kuɗinsa."