Hannun Baba Ilu

A Gangare, bayan an ɗauke ruwan la'asar,
ƙanƙara na narkewa a bakin kwata,
na ce, Baba, zauna in ɗauke ka.
Ya zauna kan benci, ya karkata hula,
na ɗaga waya, na danna har sau bakwai.
Bakwai ɗin duk dishi-dishi,
kamar ta cikin tururin shayi nake hango shi.

Na ce laifin wayar ne, 'yar gwanjo ce.
Ya yi dariyar da ta taso masa da tari.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a shagonsa na Taminus,
ya ɗauki 'yan haƙar kuza da laka har gwiwa,
da 'yan gwarin Farin Gada rungume da kabeji,
da masu neman fasfo kafin a tashi ofis.

Ya ce, Sakina, miƙo hannunki.
Na miƙa. Ya ce, dube shi da kyau.
Ashe rawa yake, 'yar siririya,
irin ta ganyen masara in iska ta gifta.

Ya ce, mai rai ba ya tsayawa cak,
zuciya na daka, jini na kai kawo,
ga sanyin Jos ya shiga miki yatsu.
Ita kuwa kyamara ido ce, ƙiftawa take.
Da hantsi, kafin ki motsa ta gama.
Da yamma ta daɗe a buɗe tana kalen haske,
duk abin da hannunki ya yi a wannan jiran
shi take shafawa a fuskar mutum.

Fara goge mata ido da bakin mayafi,
maiƙon ƙosai nake gani tun daga nan.
Kada ki miƙe hannu kamar mai ba kura nama.
Manna gwiwar hannu a haƙarƙari,
riƙe da biyu, buɗe ƙafa,
jingina da katanga, ba ta gajiya.
Murhu ma sai da duwatsu uku ya ɗauki tukunya.

Bar jawo ni da yatsa, tako da ƙafarki.
Juyo da ni wajen da rana ta saura.
Taɓa idona a gilashin, ta san wa ake nema.
Ja numfashi, saki rabi, tsaya,
sannan ki danna kamar mai taɓa maɗigar jinjiri.
Kada ki zabura. Ƙirga biyu kafin ki sauke.

Na ce, to kai da ka san duk wannan,
me ya sami hoton Inna Tabawa na cikin akwati?
Shi kaɗai ya rage mana,
kuma ko hancinta ba a rabewa da kumatu.

Ya yi shiru har mai awara ta wuce.
Ya ce, a bakin dam ɗin Lamingo ne,
wata uku da kawo ta.
Na jingina, na riƙe numfashi, na yi komai.
Ita ce ta kira ni da wani suna
da ba zan faɗa miki ba.

Na goge ido, na wayar tukuna.
Na manna kafaɗa da katangar Malam Hudu,
na saki rabin numfashi,
na danna.

Na takwas ya fito garau.
Ga furfura ɗaya-ɗaya a gefen kunne,
ga tabon da murfin akwatin kyamara ya bar masa a goshi,
ga zaren da ya zare a wuyan riga.
Hannuwansa kaɗai, a kan cinya,
suka fito kamar tsuntsaye biyu za su tashi.

Ya kai wayar dab da hanci, ya daɗe.
Ya ce, wannan rawar ba taki ba ce.
Bar shi haka. Kawo min shayina.