Sha Huɗu da Shida

Babur guda ne ya zubar da su
a kwanar da ke gangarawa kasuwar Dole,
daren Laraba, bayan lisha.
Ni ke kwanan aiki. Ni na karɓe su.

Mutari ɗan kabu-kabu da ƙafarsa ya shigo,
jini har aljihun riga, yana ta masifa:
"Ina babur ɗina?"
Na ce yana hannun 'yan sanda.
Ya yi amai a bokiti, ya share baki,
ya ce, "Ina babur ɗina?"
Sau bakwai, kafin in gama ɗinke masa ƙeya.
Na haska tocila, ƙwayoyin idonsa suka tsuke tare
kamar tagwayen da aka daka wa tsawa.
Ya san sunansa, ya san Damagaram ce.
Ranar ce kawai ta sulluɓe masa.
Na rubuta sha huɗu cikin sha biyar.

Kiyari tela a tabarma aka kawo shi,
igiyar awo na rataye a wuyansa.
Fuska tas, ko ƙwarzane babu.
Sai ruwa garai-garai da ke bin kunnen hagu,
da minshari wanda ba na barci ba.
Na kira shi, shiru.
Na matse masa farce, ya yi nishi,
hannuwa suka naɗe zuwa ƙirji kamar kazar da ta sha sanyi.
Ido ɗaya ya buɗe baƙi wuluk, bai san haske ba.
Na rubuta shida. Na aika a tada likita.

Dangi suka yi dafifi kan mai jini.
Ban ga laifinsu ba.
Kai tulu ne:
wani a baki yake tsagewa, kowa ya gani,
wani a gindi, sai ƙasa ta jiƙe a sani.

Da hantsi aka sallami Mutari.
"Barka, barka, ka auna arziki."
Mako uku, sai ga shi a baranda,
ya ja hula har gira, wai rana na sukarsa.
Rediyon maƙwabci ya zame masa guduma.
Ya ɓata a Garin Malam,
unguwar da ya shekara goma yana ratsawa ido rufe.
An ba shi jika, ya tsaya yana kallon canji a tafinsa.
Ya daka wa ɗiyarsa tsawa kan cokali, ya koma ɗaki ya yi kuka.
Hoton kai ya ce lafiya lau.
Wansa ya ce lalaci ne.
Na ce masa, zauna. Ba ƙarya kake ba.

Kiyari kuwa, kwana ashirin da uku.
Cima na juya shi duk sa'a biyu,
tana ɗura kunu ta robar hanci,
tana ba shi labarin ɗinkunan da masu su suka zo suka karɓe.
Ran da ya buɗe ido bai dube ta ba, silin ya duba.
Hannun dama ya mutu a gefensa.
Na hagu ne ya fara tafiya a kan zanen gado,
babban yatsa, ɗan tsakiya, taki ɗaya, taki biyu,
yana awon rigar da ba wanda ya kawo.

Jiya na tarar da su tare.
Mutari a bakin gado, ya zo neman gafara
kan abin da shi ma bai tuna ba.
Kiyari ya daɗe yana tauna kalma,
ya fito da ita da ƙyar: "Zare."
Mutari ya laluba aljihu kamar zai samu.

Takardun na nan a durowata,
sha huɗu da shida.
Ban san inda zan rubuta sauran ba.