Jarka Nawa?

Suna ya kai ni ƙauyen, ba yawo ba.
Matar Ɗanlami ta sauka, aka ce in zo.
Na jingine kurata a Ƙofar Marusa,
jarka goma sha biyu, kowace baki ƙasa,
na hau mota har gaba da Dutsin-Ma.

Da aka shafa fatiha, aka raba goro,
wani yaro, Lawandi, ya ja mini hannun riga:
"Baƙo, ka taɓa ganin Mazubi?"
Na ce, wane ne kuma Mazubi?
Ya ce, "Taho, nan ne da nan,
kafin goron bakinka ya yi ja mun kai."

Ko takalmi ban sake ba.
Silifas ɗina mai ɗinki biyu
shi ya taka hanyar, bai koka ba.
Muka ratsa dawa da ta fi mu tsawo,
ganyenta na shafa mana raɓa a kunne,
muka wuce ɗorawa, muka tsallake kunyar gyaɗa,
wata akuya a turke ta raka mu da ido.
Ba hawa, ba haki.

Sai ƙara.
Da fari na ce injin niƙa ne,
can na ce a'a, suya ake a babban kasko.
Lawandi bai tanka ba, ya ɗage reshen geza.

Ga shi.
Bai fi tsayin mutum uku ba.
Baƙin dutse ya buɗe baki,
ruwa na sauka fari fat kamar saɓin auduga,
ya faɗi, ya tarwatse, ya tashi feshi mai sanyi,
ya tara kansa, ya wuce cikin ciyawa
kamar ba shi ya yi wannan ihun ba.
Ba allo, ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗi.
Mata biyu na wanki a kan falali,
sabulunsu ɗan guntu, ruwansu ba iyaka.

Abin kunya, sai na kama ƙirga.
Shekara goma sha ɗaya ina tura ruwa,
idona ya riga ya zama mudu.
Jarka ɗaya, biyu, kura guda kafin ƙiftawa,
kura goma kafin in haɗiyi yawu.
Na tuna layin burtsatse da asuba,
da cacar baki kan wa ya riga wa,
da matar lungun nan mai leƙa bakin jarka
ta ce, "Wannan ai ba ta cika ba."
A wajen ɗari uku lissafi ya kuɓuce mini.

Tsohuwar cikinsu, Gwamma, ta matse zane:
"Ɗan birni, me kake ta motsa baki?"
Na ce, ƙirga nake, Inna.
Ta ce, "Dawo bayan kaka ka ƙirga awaki,
nan suke kwanciya, inda kake kallo.
Shi ma baƙo ne kamarka,
ya zo da marka, in an yanke dawa ya tafi."

Na tuɓe riga, na miƙa wa Lawandi.
Na shiga, santsi na lallaɓar tafin ƙafa,
na sa kafaɗa, nan inda ciwo ke kwana.
Ya daka ni kamar sakwara a turmi.
Kullum ni ke tura ruwa,
ran nan ruwa ya ture ni,
na zauna daɓas, wando ya cika da yashi.
Yaro na dariya, mata na dariya,
ni ma, da ruwa a hanci.

Ban ɗebo ko kwalba ɗaya ba.

Jiya da asuba ina bakin famfo,
jarka ta bakwai na sha, muryarta na hawa,
na lumshe ido, na ji ganyen dawa a kunne.
Na bayana ya daka tsawa:
"Malam Barau, ta cika! Tana zuba!"
Na ji shi sarai.
Ruwa na bin yatsun ƙafata,
na ɗan ƙyale shi tukuna.