Daga Ɗaya Zuwa Goma

Taya ta fashe a ƙasan gadar Kwangila,
na tsinci kaina kwance cikin kwata,
hannuna na lalubar bindigar
da na miƙa tun shekara shida.
Masu acaɓa suka kwashe da dariya.
Na tashi na shaƙe wani yaro
wanda laifinsa kawai tallan rake.

Likitar Shika ba ta ƙara min ƙwaya ba.
Ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi,
ta sa wata manhaja, ta ce, "Saje Tanimu,
in zuciya ta taso, kafin hannu, taɓa nan."

Ni da na kwana arba'in a rami bakin Tafkin Cadi,
waya ce za ta koya min numfashi?

Shuɗiyar da'ira tana kumbura, tana motsewa.
Ja. Riƙe. Saki.
Fushinka nawa, daga ɗaya zuwa goma?
Ran da murfin tukunya ya suɓuce wa Lantana: tara.
Ran da ƙwallo ta doki ƙyaure: bakwai.
Ba ta taɓa tambayata Ishaya ba,
wanda na saɓo rabinsa a kafaɗa.

Jiya babu wuta, waya ta mutu.
Autata ta kifar da shayi kan takardun fanshona.
Gida ya yi tsit.
Idonta ba ya kan fuskata, yana kan hannuna.
Na zana da'irar a ƙirjina.
Takwas.
Shida.

"Ɗauko tsumma, Ladidi."
Muryata na rawa.
Ta juya ta tafi,
ba da gudu ba.