Sandar Gora

Ni na sare gorar da hannuna,
a bayan cocin ƙauyenmu, can Sundargar,
na kanga ta a wuta har kanta ya lanƙwasa,
na miƙa wa Tarsila tana da shekara bakwai.
Sandar ta fi ta tsayi.
Ta ce, "Yaya, zan kamo ta."

Ƙwallonmu saiwar gora ce da muka feƙe,
fili jar ƙasa, sai mun kori shanu tukuna.
A gasar ƙauyuka ba a ba da kofi,
taure ake ɗaurewa a gindin bishiya,
yana cin ganye yana kallon masu nemansa.
Shekarar da ta cika sha uku
ita ta jawo igiyarsa har ƙofar gida,
Inna ta dafa, ƙauye ya lashe yatsu.

Daga nan sai Rurkela.
Ta rubuto cewa ciyawar can shuɗiya ce, ta roba,
ana yi mata ban ruwa, ba ta girma,
ƙwallo na gudu a kai kamar an yi masa kiranye.
Ba ta rubuto zancen kanta a tafin hannu ba,
ko kukan dare cikin bargo.
Wannan sai daga baya na ji.

Aikinta a hoki shi ne wanda kowa ke gudu.
In an ba da bugun kusurwa,
ita ke fara fita daga raga,
ta nufi ƙwallon da ke tahowa kamar dutsen majajjawa.
Haƙora biyu ta bari a wani gari
da har yau ban iya faɗin sunansa ba.

Ranar da ta sa rigar ƙasa
mun cika shagon Mangara maƙil,
talabijin ɗaya, kawuna sittin.
Saura minti huɗu, ta duƙa a bakin raga,
alƙalin wasa ya hura usur,
sai aka ɗauke wuta.
Muka zauna cikin duhu, ba mai tari.
Da safe jarida ta ce ta tare.
Ni dai ban gani ba.

Shekara goma sha ɗaya.
Gwiwa ba ta yin gardama, zama take ta ƙi tashi.
An yanka, an ɗinke, an sake yankawa.
Wata Talata aka liƙa sunaye a allo,
ta bi da yatsa daga sama har ƙasa,
ta sake bi.

Yanzu tikiti take dubawa a jirgin ƙasa,
baƙar kwat, biro a aljihu.
Wani fasinja ya taɓa ƙura mata ido,
ya ce, "Kamar na san fuskar nan."
Ta huda tikitinsa, ta ce, "Mai yiwuwa."

Bara da Kirsimeti ta zo gida.
Muna tafe, tana ɗan ɗingishi,
sai ga 'yar maƙwabta da gora a hannu,
ta riƙe ta kamar muciya.
Tarsila ta aje jaka a ƙasa.
"Hagu a sama. Sassauta dama. Duƙa.
A'a, ƙara duƙawa."
Shinkafa ta huce a gida,
ni na tsaya ina korar shanu.